Horon ma'aikatan jinya kan tazarar haihuwa: an koyi sakawa, saura cirewa

Tun da gwamnatin tarayya ta mai da magungunan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta a 2011, kwasa-kwasan horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi suka yawaita a arewacin Najeriya. Dalilin a bayyane yake. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000, kuma kashi 12 cikin ɗari kacal na matan aure ke amfani da hanyoyin zamani, alhali kashi 19 na son hutu amma ba su samu ba. Likitoci kuwa sun taru a birane. Wannan ne ya sa a 2014 aka fito da manufar raba ayyukan lafiya, wadda ta ba ƙananan ma'aikatan asibitin karkara damar saka wa mata ashanar tazarar haihuwa a dantse bayan an horar da su.

An ga amfanin haka. Matar da ke fama da kunika a ƙauye ba sai ta biya kuɗin mota zuwa babban asibiti ba. Ashanar Implanon tana ba ta shekara uku, Jadelle biyar, allurar Sayana Press kuwa ana koya mata ta yi wa kanta a gida duk wata uku.

Sai dai a ganina horon ya karkata. Ana zaunar da ma'aikaciya 'yan kwanaki a ɗakin taro, ta yi gwaji a hannun roba, ta saka wa wasu mata a gaban mai koyarwa, a ba ta takardar shaida. Sakawa aikin minti kaɗan ne. Cirewa kuwa tana bukatar allurar kashe zafi, da ɗan yanka, da hannun da ya saba, musamman idan ashanar ta nutse cikin dantse. Ga mace ta dawo jini ya ƙi ɗaukewa, ta rasa gane na al'ada ne ko na ciwo, sallarta ta rikice, maigida ya fara ƙorafi. Ta ce, "Malama, a cire min." A ce mata wadda ta iya an yi mata canjin wurin aiki, ko kayan aiki sun ƙare. Wannan matar ba za ta yi shiru a gidan suna ba, kuma maganarta ta fi ta kowace sanarwar rediyo shiga kunnen mata.

Ga kuma tsiyayar ma'aikata. Ƙwararrun suna tafiya Ingila da Saudiyya, waɗanda suka rage aikin awon ciki da karɓar haihuwa da rigakafi ya yi musu yawa, ba su da lokacin zama su yi wa mace bayanin abin da za ta gani a jikinta. Yawancin kwasa-kwasan ma da kuɗin masu tallafi daga waje ake yin su, kuma yanke tallafin Amurka a 2025 ya nuna yadda wannan dogaro yake da haɗari. Muddin jihohi ba su sa horon cikin kasafinsu da manhajar makarantun jinya ba, duk ma'aikaciyar da ta tafi ta tafi da iyawarta, ba mai maye gurbinta.