Muryar Da Aka Naɗa Ita Ce Isnadin Ɗalibin Jarida

A ƙaddara ɗalibi ya yi hirar minti 40 da wani malami kan hukuncin bashin banki, ya taƙaita ta a sakin layi biyar a jaridar makaranta. Washegari malamin ya ce ba haka ya faɗa ba. Almajiransa su ce ƙage ne, abokan ɗalibin su ce malam ne ya lashe amansa. Alhali muryar tana nan cikin wayar ɗalibin, babu wanda ya saurare ta.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan matsala. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya lissafa hanyoyi takwas na ɗaukar riwaya, ya fara da ji daga bakin malami. A Dimashƙa, idan aka kammala karanta littafi, akan rubuta a jikinsa sunayen waɗanda suka halarta da ranar da wurin, domin kada wani ya yi da'awar jin abin da bai ji ba. Ko riwaya da ma'ana ba a yarje ta ba sai ga masanin harshe, wanda ya san kalmar da ke sauya manufa.

Ɗalibin da ke koyon aikin jarida, ko a gidan rediyon Jami'ar Bayero ta Kano ko a mujallar ƙungiyar ɗalibai, bai yi sunan da za a karɓi maganarsa a kansa ba tukuna. Sau da yawa ma da Hausa yake hira, ya rubuta da Turanci, kuma a fassara ne "ya halatta da sharaɗi" kan koma "ya halatta". Idan ya ajiye cikakkiyar muryar a gefen labarin, ya ba mai karatu damar yin binciken da aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarta.

Sai dai akwai sharuɗɗa. A nemi izini kafin naɗa, a sake nema kafin yaɗawa, domin zama amana ne. A saki hirar ɗungurungum, tare da tambayoyin, da rana da wuri. Guntun murya na daƙiƙa 30 da ke yawo a WhatsApp ya fi rubutacciyar ƙarya ɓarna, domin muryar mutum ce ake ƙulla masa sharri da ita. Wanda kuwa bayyana shi zai jefa shi cikin haɗari, kamar ɗalibar da ta kai ƙarar cin zarafi, a bar muryarta a hannun edita kaɗai.

Mu ma a gidajenmu, kafin mu tura labari gaba, mu tambaya: ina asalin muryar, kuma me aka faɗa kafin nan da bayan nan? Allah Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu.