Hawan Jini Da Kalmar "Haƙuri" A Rayuwar Mata

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina lura da yadda muke sarrafa kalmar "hawan jini". Uwa takan ce wa ɗanta, "kada ka sa mini hawan jini," kamar dai ciwon wani fushi ne mai tasowa ya lafa. Wannan fahimta ce ta kai yayata gadon asibiti. Likita ya ɗora ta a kan magani, amma da rigimar gidanta ta kwanta sai ta ajiye ƙwayoyin, wai hankalinta ya dawo. Bayan wata huɗu aka auna ta, aka sami 180 bisa 110.

Lallai akwai dangantaka tsakanin damuwa da jini. Idan rai ya ɓaci, jiki yana sakin sinadaran adrenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su tsuke. Matar da ta shekara goma tana kwana da tunanin kishiya, kuɗin makaranta da jinyar surukai ba ta samun barci isasshe, jikinta kuma ba ya hutawa daga wannan shiri na ko-ta-kwana. Sai dai da zarar awo ya zauna a 140 bisa 90 ko sama, ciwon ya kafu, kuma galibi ba ya nuna alama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan rabin masu shi ba su san suna ɗauke da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne "ki yi haƙuri". Kalma ce mai daraja, amma mun ɗora mata aiki biyu: juriya, da kuma haɗiye magana. Na biyun ne muke nufi idan mace ta kawo kuka gidan iyayenta aka mayar da ita kafin ta gama bayani. Ba a warware komai ba, an dai rufe bakinta.

Yanzu yayata tana shan maganinta kullum, ta rage gishiri da dunƙulen miya, tana tattaki bayan sallar asuba. Ranar Juma'a kuma takan zo gidana ta yi ta magana. Na hana kaina ce mata ta yi haƙuri, abin da ya fi mini wuya fiye da yadda na zata.