Fitila a Wuyan Jita: Ado ne ko Buƙata?

A Muchalla ta Mubi, makaɗin coci ko na biki da ya sa wa jitarsa ta lantarki ƙananan fitilun LED ba ƙawa kaɗai yake nema ba. Cikin duhu, su ke nuna masa inda zai ɗora yatsa, kuma tun shekarun 1970 kamfanin Alembic na Amurka ke saka su a gefen wuyan jita. Masu suka na cewa wayoyin na jawo ƙugi a lasifika, huda katako kuma ɓarna ce. Da gaskiyarsu, amma akwai magani: a ba fitilun batirinsu daban, a nisanta wayoyinsu daga maganaɗisun ɗaukar sauti, a guji masu walƙiya domin sun fi kawo ƙara. Mai gudun huda kuwa, ya nemi na mannawa.