Kafin ka sayi babbar mota ta hannu, duba aljihu da takardu da inji

Jama'ar karkara, idan kaka ta yi kyau, kuɗi na shiga ƙauye. Wani ya sayar da wake da gyaɗa da riɗi. Wani ya sayar da bajimai. Wani kuma ya komo daga ci-rani, ko Kano, ko Libiya, ko wurin haƙar zinariya na Jado wanda aka gano a shekara ta 2014. Daga nan sai shawarar sayen mota ta taso.

In mutum ya shigo birnin Damagaram, dillalai za su nuna mashi manyan motoci masu ƙyalli, irin su Mercedes, wadda muke ce wa Marsandi, da BMW, da Lexus. Ga kujerun fata, ga na'urar sanyi. Sau da yawa kuɗin irin wannan tsohuwar mota bai fi na ƙaramar Toyota mai lafiya ba. Wanda bai taɓa sayen mota ba sai ya ce ya yi tsintuwa. To, a yi hankali. Wannan araha tana da dalili.

Daga ina motocin suke zuwa?

Yawancinsu sun daɗe suna aiki a ƙasashen Turai, kamar Beljiyam da Jamus da Faransa. Wasu daga Amurka suke. Jirgin ruwa yake kawo su tashar Kwatano ko ta Lome, sannan a tuƙo su zuwa ƙasarmu. Shi ya sa ake ce wa irin wannan mota ƴar Kwatano. A shekara ta 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, sai kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo.

A shekara ta 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani bincike. Ya nuna daga 2015 zuwa 2018 an fitar da tsoffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan. Afirka ce ta karɓi kaso mafi yawa. Da yawa cikinsu sun tsufa ƙwarai, masu su sun gaji da gyara.

Abu na farko: aljihu

Mu mutanen Damagaram mun san doki. Ranar hawan salla kowa yana sha'awar ingarma da kayan adonsa a ƙofar fada. Amma mai doki ya san sayensa ba shi ne wuya ba. Wuyar tana wurin harawa da dusa da hatsi da kanwa, kullum, rani da damana. Babbar mota haka take. Kuɗinta na saye ya faɗi don ta tsufa, amma kuɗin ciyar da ita da na gyaranta bai faɗi ba. An ƙera ta ne don mai kuɗi, kuma kayan gyaranta na mai kuɗi ne ko ta shekara ashirin.

Mu yi lissafi tare. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne. Mu ce ƙaramar mota tana shan lita 7 a kowace kilomita 100. Za ta sha lita 63. Mu ce babbar tana shan lita 12. Za ta sha lita 108. A shekara ta 2024 gwamnati ta sa litar esansi tamma 499, mu ce dala ɗari ke nan. Ƙaramar ta ci jikka 31 da rabi, babbar ta ci jikka 54. Wannan zuwa ne kaɗai, ban da komowa. Ka kwatanta bambancin da kuɗin buhun hatsi a kasuwarku.

Matatar mai ta SORAZ, da ke kan hanyar Tanut, ta fara aiki a shekara ta 2011. Amma kusancin matata bai sa mai ya zama kyauta ba. Man Nijeriya da ake samu da araha a kwalabe shi ma ya yi tsada tun 2023, lokacin da gwamnatin can ta janye tallafinsa.

Kayan gyara kuwa daga waje suke zuwa. Dattijai sun tuna watan Janairu na 1994, da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, masu mota da yawa suka jingine su. Abin da ba a ƙera shi a gida, farashinsa ba a hannunmu yake ba.

Akwai kuma maganar hanya. An yi waɗannan motoci don kwalta mai santsi. Cikinsu yana kusa da ƙasa. In ka sauka daga kwalta a Mirya, ko Magarya, ko Matamai, ko Gure, ka nufi ƙauye, yashi ne da ramuka da kututture. Motar za ta kafe, ko dutse ya fasa tukunyar baƙin mai. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna wahalar da inji da wayoyin lantarki.

Tsohuwar Marsandi ta shekarun 1980 da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kowane bakanike ya san cikinsu. Manyan motocin baya-bayan nan kwamfuta ke tafiyar da su. In ta lalace sai an sa mata na'ura ta faɗi ciwon. Bakaniken ƙauye ba shi da wannan na'ura. Wani ƙarfen sai an aika Kano ko Yamai, wani sai an yi odarsa daga Turai. Motar tana ajiye, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Abu na biyu: takardu

Mota marar takardu kamar saniyar sata ce, duk inda ka bi da ita ba ka da kwanciyar rai. Ka nemi waɗannan:

1. Takardar duwan, wadda ta nuna an biya kuɗin shigo da motar cikin Nijar. Wasu motocin wucewa kawai suke zuwa wata ƙasa, ba a biya masu kuɗin zama nan ba. In ka sayi irin wannan, ƴan duwan suna iya kama ta.

2. Kartigiris, wato takardar shaidar mallakar mota. Ka karanta sunan da ke ciki. In ba sunan mai sayarwa ba ne, a kawo mai sunan, ko takardar da ya ba da izini.

3. Lambar sasi. Kowace mota ta zamani tana da haruffa da lambobi 17 da aka buga a jikin ƙarfenta. Ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da na cikin kartigiris. In ɗaya ya saɓa, ko ka ga alamar an kankare an sake bugawa, ka bar motar. Ga amfanin karatun yaƙi da jahilci: kai da kanka za ka duba, ba sai an karanta maka ba.

4. Asiransi, da binyet, da takardar bizit ta duba lafiyar mota. Su ake sabuntawa lokaci lokaci, kuma jandarma suna tambayarsu a hanya. Ka tambayi kuɗinsu tun kafin ciniki, don mota mai babban inji ta fi biya.

Mai tuƙi kuma dole ya kasance da permi. In ba ka da shi, ka sa albashin direba cikin lissafi.

Abu na uku: inji da jiki

Gani ya kori ji. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka tafi da bakaniken da ka sani, wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Dillali la'adarsa yake nema, sai an yi ciniki yake samu. Ku tafi da rana, kada ku duba mota da dare.

1. A tayar da inji da safe yana sanyi. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa.

2. Ku dubi hayaƙin salansa. Shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri wanda bai daina ba, ruwa yana shiga inji. Baƙi, motar tana shan mai fiye da kima.

3. Ku buɗe murfin baƙin mai. In kun ga abu kamar madara, mai yiwuwa ruwa ya haɗu da mai. Gyara ne mai tsada.

4. In an murɗa makulli, ƙananan fitilun gaban direba su kama, in inji ya tashi su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa tana faɗin ciwo. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta don a ɓoye ciwon.

5. Ku leƙa ƙarƙashin mota. A Turai ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Ku nemi tsatsa da wurin da mai ke ɗiga. Ku ɗaga shimfiɗar ƙafa. Laka ko warin ruma alama ce motar ta taɓa nutsewa a ruwa.

6. Fenti kala biyu, ko ƙofar da ba ta rufuwa daidai, alamar haɗari ce.

7. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2315 na nufin sati na 23 na shekara ta 2015. Tsohuwar taya tana fashewa a kwalta mai zafi ko zanenta bai goge ba.

8. Kada ku yarda da lambar kilomita kaɗai, ana iya mayar da ita baya. Ku dubi sitiyari da kujerar direba da abin taka burki. In sun cinye, motar ta sha tafiya.

9. A tuƙa ta a kwalta da hanyar ƙasa. A gwada burki. In mai canza giya da kanta ce, a lura ko tana fizga ko jinkiri. Gyaran wannan akwati yana iya cinye kuɗin shanu.

Ranar ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka ba da kuɗi don hoton da aka nuna maka a waya, ko don an ce mota tana hanya. In an ce maka wani yana jira da kuɗi a hannu, ka ce Allah ya ba shi sa'a, motoci ba su ƙare ba. In kun daidaita, a rubuta takardar sayarwa da sunayenku, da lambar sasi, da kuɗin da aka biya, da shaidu biyu. A kai ta hukuma a buga mata hatimi. Sannan ka mayar da kartigiris da sunanka, kada ka yi jinkiri.

Kada ka zuba duk abin da ka mallaka cikin saye. Ka rage wani abu don gyaran farko, da mai, da takardu. Kada ka sayar da gona, ko shanun huɗa, ko hatsin rumbu don mota. Gona tana ba da abinci kowace shekara, saniya tana haihuwa. Mota kuwa kullum darajarta raguwa take.

Ka tambayi kanka aikin da motar za ta yi maka. In kai mara lafiya asibiti ne, da ɗaukar kaya zuwa kasuwar Dole ko kasuwannin ƙauye, ka nemi mota mai tsayi daga ƙasa, mai shan mai kaɗan, wadda ake samun kayan gyaranta a Damagaram. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Masu karatu, ku karanta wannan bayani ga waɗanda ba su shiga aji ba tukuna. Ku yi lissafin man tare a kan allo, ku sa tsawon hanyar ƙauyenku zuwa birni, kowa ya ga amsar da idonsa.