Ɗaurin Kaya a Mota Lokacin Kaka

Kaka ta yi, mun gode wa Ubangiji. Yanzu ne ƙungiyoyin manoma na ikilisiyoyinmu sukan haɗa kuɗi su yi shatar akori-kura ko babbar mota domin kai masara da dawa kasuwa. Abin da muka sha gani shi ne, manomi ya yi ta ciniki a kan kuɗin mota har muryarsa ta dishe, amma da an fara lodi sai ya koma inuwa ya bar wa yaran mota. Ga shi kuwa wahalar shekara guda ce ake jibgawa a bodin nan.

Cikakken buhun masara yakan kai kilo 100. Yana kwance kamar ba zai motsa ba, amma in direba ya taka birki da ƙarfi, mota ce take tsayawa, buhu kuwa gaba yake so ya ci. Ƙa'idar da ake bi a Turai ta ce dole ɗauri ya iya riƙe kashi 8 cikin 10 na nauyin kaya in sun yi gaba, da rabin nauyinsu in sun yi gefe a kwana. Wato buhu 20 suna iya tura allon da ke bayan direba da ƙarfin kilo 1,600. Tsohuwar igiyar guga ba za ta riƙe wannan ba.

Saboda haka masu nauyi su ne a ƙasa, a jingina su da allon gaba, dama da hagu daidai. A sarƙe buhunan kamar yadda magini yake jera tubali, kada a bar rami a tsakani. Kwanduna da tabarmi su hau sama. In nauyi ya taru can bayan ƙafafun baya, gaban mota yakan ɗaga, sitiyari ya ƙi jin magana. Tamfol kuwa rufi ne don ruwa da ƙura, ba ɗauri ba ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne hatsi yakan zauna in mota ta sha gargada, igiya ta saki. A tsaya bayan 'yan kilomita a ƙara ja. Masu bin hanyar Jos zuwa Akwanga su sāke dubawa kafin su shiga gangaren Hawan Kibo, inda manyan motoci da yawa suka kife.

Sai maganar mutane a kan kaya. Mun san mota tana wuya a ƙauye ranar kasuwa, amma mace da goyo a bisa buhu ba ta da abin kamawa, kuma ita ce za ta fara faɗuwa. Muna roƙon dattawan ikilisiya su zaɓi mutum ɗaya da zai tsaya a wurin lodi, ya ƙirga buhuna, ya taɓa kowace igiya da hannunsa. In kaya sun fi ƙarfin mota, a yi sawu biyu.