Musayar wili tsakanin taraktoci

Musayar wili tsakanin taraktoci ita ce cire wilin tarakta ƙirar wani kamfani a ɗaura wa tarakta ta wani kamfanin daban. Wili shi ne zagayayyen ƙarfen da ake sa wa taya, wanda ake ɗaure shi da noti a jikin hob, wato kan sandar da ke juya ƙafar. Ana yin musayar idan wili ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko tsatsa ta cinye shi, kuma ba a sami irinsa ba. Ba sunan kamfani ne ke sa wili ya shiga ko ya ƙi ba, awo ne.

A Kano

Taraktocin da ke aiki a gonakin Kano ba iri ɗaya ba ne. Akwai Massey Ferguson da Mahindra, akwai kuma tsofaffin Fiat da aka haɗa a kamfanin NTM na Kano da Steyr da aka haɗa a Bauchi a wajajen shekarun 1980. Ga kuma ƙananan injinan huɗa masu ƙafa biyu, galibi 'yan Sin, waɗanda manoman shinkafa na Kura da Kadawa ke amfani da su. Tun da aka daina haɗa Fiat da Steyr a ƙasar, sababbin kayan gyaransu suka yi wuya, sai na hannu. Kasuwar Ƙofar Ruwa, wadda ta ɗauki sunan ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Kano, tana cikin wuraren da bakanikai suka fi neman irin waɗannan kaya. Yawanci mai nema yakan tafi da tsohon wilin, a ɗora shi a kan wanda za a saya a gani ko ramukan sun dace. Dabarar tana da amfani, amma ido ba ya kama bambancin milimita biyu.

Awon da ake dubawa

Abu na farko shi ne yawan ramukan noti da faɗin da'irar da suka zauna a kanta. Idan ramukan huɗu ne, ko shida, ko takwas, ana auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Idan biyar ne babu ramin da ke fuskantar wani, don haka sai a auna tsakanin ramuka biyu maƙwabta a ninka da 1.701. Misali, idan aka sami milimita 67.2, faɗin da'irar ya zama milimita 114.3, wato inci huɗu da rabi.

A nan ne aka fi yin kuskure. Akwai wili mai rami biyar a da'irar milimita 112, akwai na 114.3, akwai na 115. Da ɗan bugun guduma ɗaya zai iya hawa mazaunin ɗaya, notin ma ya ɗauru. Sai dai kowane noti zai zauna a karkace, ƙusoshin hob su riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan a duk juyin ƙafa, har su karye. Tarakta mai jan tirela cike da taki ko buhunan hatsi idan ta zubar da ƙafa a kan hanya, hatsarin bai tsaya kan direba kaɗai ba.

Sai ramin tsakiya. Idan ya yi wa hob ƙanƙanta wilin ba zai zauna ba sam. Idan ya yi yawa, zaman wilin ya dogara ga notin kawai. Shi ma notin iri-iri ne: wani gindinsa a tsuke yake, wani a shafe, kuma dole ya dace da bakin ramin.

Akwai kuma zurfin wili, wato inda farantin tsakiya ya zauna. Wili biyu na iya zama daidai a komai amma ɗaya ya tura taya ciki har ta riƙa gugar jikin tarakta, ɗaya kuma ya fitar da ita waje ya ƙara wa boris nauyi. Ga manomi wannan yana da wata ma'anar, domin tazarar ƙafafu ita ce ke sa taya ta bi kwarin kunya maimakon ta taka shuka.

Inda musayar ke yiwuwa

Kamfanoni da yawa sun bi awo ɗaya. Ƙafafun gaba na taraktoci masu yawa da ke ja da baya kawai suna da rami shida a da'irar inci shida, da wili mai inci 16. A Amurka, inda ƙananan taraktocin lambu suka yaɗu, kamar Cub Cadet da John Deere 110 da ya fito a 1963, wilin baya mai inci 12 da rami biyar a inci huɗu da rabi ya zama ruwan dare, shi ya sa ake yawan musayarsa tsakanin samfurori. Lambar da ke jikin taya, kamar 6.00-16, ƙarshenta ne ke nuna girman wilin da za ta hau.

Tarakta mai ja da ƙafa huɗu ba ta ɗaukar ganganci. An lissafa girman tayoyin gaba da na baya ne tare da giyoyinta, sauya girman ɗaya yana cinye taya kuma yana lalata giya.

Gyaran wili

Idan awo bai dace ba, masu walda kan yanke farantin tsohon wilin su liƙa a sabon zobe, ko a huda sababbin ramuka. Aikin yana ɗorewa idan an saita farantin a tsakiya sosai. Faɗaɗa rami da wutar walda don noti ya shiga kuwa raunana ƙarfen yake yi. Ba a yin walda a wilin da taya ke jikinsa, ko da an sace iskar, saboda zafi na iya fasa ta. Wili mai ɓari biyu, irin na wasu ƙananan injina, ana sace iskarsa gaba ɗaya kafin a taɓa notin da ke haɗa ɓarin.