Ramin faifai ya mutu, kwamfuta tana da sauran rai: Yadda filash ke ceto na'urorin ofis

A ofisoshin gwamnati da dama a Abuja, akwai kwamfutocin da aka jingine a lungu saboda babbar manhajarsu ta lalace, ramin saka faifan DVD kuma ya daina karatu. Ƙurar hunturu da tsufa ne kan dusashe ƙaramin idon da ke karanta faifan. Ma'aikacin da takardunsa na shekaru ke ciki sai ya fid da rai, alhali filash mai gigabait 8 ya isa ya farfaɗo da na'urar.

Batun ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Ko da ramin yana aiki, faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, Windows 11 kuwa ta haura 5.

Aikin yana farawa ne daga wata kwamfuta mai lafiya. A nan ake sauko da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ko a yi amfani da Rufus, manhajar kyauta, a mai da filash ɗin abin tayar da na'ura. Duk abin da ke cikinsa zai goge, don haka fanko ake nema. Daga nan sai a soka shi a kwamfutar da za a gyara, a kunna, a danna F12 idan Dell ce, ko F9 idan HP ce, a zaɓi filash ɗin.

Wurin da aka fi yin kuka shi ne shafin zaɓen ɓangaren ma'ajiya. Danna umarnin gogewa a kan ɓangaren da bai dace ba yakan tafi da wasiƙu da takardun kasafi cikin daƙiƙu. Shi ya sa masu gyara kan fara tayar da na'urar da Ubuntu daga filash, domin tana aiki ba tare da an ɗora ta ba, su kwashe takardun tukuna. Idan an kulle ma'ajiyar da BitLocker, sai an samo mabuɗinta mai lambobi 48. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ma takan mai da hannun agogo baya.

Ba kowace tsohuwar kwamfuta ce ke karɓar Windows 11 ba. Tana buƙatar RAM gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, da kayan tsaro na TPM 2.0. Wadda ta gaza, Linux Mint ko Ubuntu na iya ci gaba da riƙe ta.

Sauƙin aikin shi ne kuma haɗarinsa. Kwafin Windows na bogi da ke yawo daga hannu zuwa hannu yakan zo da manhajar leƙen asiri a ɓoye. Kwamfutar ofis dukiyar gwamnati ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe bayanan mutane alhakin tsare su. Hadimin da ya kai na'urar maigidansa kasuwa domin gudun jira, ya miƙa wa baƙo abin da ke ciki. Sashen fasahar sadarwa na ma'aikata ne ke riƙe da lasisi, kuma ƙofarsa ce ta farko da ya kamata a ƙwanƙwasa.